Ƙidayar Ƙumba: Aikin da Ba Shi da Bikin Buɗewa

Akwai wani aiki da muke roƙon Gwamnatin Tarayya ta ɗauka, kuma tun kafin mu ambace shi mun san waɗansu daga cikin masu karatu za su yi dariya. Aikin kuwa shi ne ƙidayar ƙumba. Abin da muke nufi shi ne a ware waɗansu wurare sanannu a gaɓar tekunmu, tun daga Badagiri har bakin Kogin Kuros Riba, a riƙa zuwa sau biyu a shekara ana haƙa laka, ana tacewa, ana ƙirga ƙumbar da ke ciki, ana auna tsawonta, ana rubutawa cikin littafi. A yi haka bana, a yi baɗi, a yi ta yi har waɗanda suka soma su yi ritaya, waɗansu su gaje su. Mai dariya yana da hujjarsa, ba mu musa ba. Ƙasar da rabonta da ƙidayar mutanenta tun 2006, wadda kuma ta taɓa soke ƙidayar 1973 ɗungum saboda gardama, ina ta ga sukunin ƙirga abin da ke binne cikin taɓo? Duk da haka muna neman a ba mu aron kunnuwa, domin maganar ta shafi kuɗin da ake karantar da mu da shi, ta kuma shafi irin ma'aikatan da za mu zama.

Wanda ya tashi kusa da Kwara ko Binuwai ko wani babban gulbi ya san ƙumba, watau 'yar halittar nan mai taushin jiki da ke zaune tsakanin ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa, wadda iyayenmu mata kan ɗauki ɓawonta su kankare tukunya da shi. 'Yan'uwanta na teku su ne abin maganarmu. Sukan binne kansu cikin yashi ko laka a wuraren da teku ke rufewa idan ya ciko, ya bar su a fili idan ya janye, sau biyu kowace rana. Daga inda take kwance ƙumba takan zuƙi ruwa, ta tace ƙananan tsirran da ido ba ya gani ta ci, ta fesar da sauran. Ƙafa ɗaya gare ta, ta tono ce kawai. Kifi, in ruwa ya ɓaci, yakan tattara ya yi ƙaura. Ita kuwa ba ta da inda za ta je, duk abin da ya shigo ruwan nan tilas ya bi ta cikinta. Dalma ce, zaiba ce, gubar maganin ƙwari ce, ɗanyen mai ne, duka takan tara su a namanta kaɗan-kaɗan.

Wannan hali nata ne ya sa a 1975 wani masanin sinadaran teku ɗan Amurka, Edward Goldberg, ya ba da shawarar a mai da irin waɗannan halittu masu gadin gaɓar teku, kuma tun 1986 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka take ɗibar su daga ɗaruruwan wurare tana auna gubar da ke jikinsu. Kwalbar ruwan da ka ɗebo da safe labarin safiyar nan kaɗai za ta ba ka, mai yiwuwa ma jiya da dare aka zubar da dattin, igiyar ruwa ta riga ta tafi da shi. Naman ƙumba kuwa labarin watanni yake ɗauke da shi. Ɓawonta ma littafi ne, domin kowace shekara yakan ƙara zobe, shekarar wadata mai faɗi, shekarar wuya siriri. A 2006 masu bincike daga Jami'ar Bangor ta Birtaniya suka tsamo wata daga tekun Aisland, da aka ƙirga zobbanta sai aka tarar shekarunta 507.

Amma abin da ya fi guba muhimmanci a wurinmu shi ne yawan ƙumbar da kuma yadda shekarunsu suka jeru. Mace ɗaya takan saki ƙwai dubbai, wani nau'in ma miliyoyi. 'Ya'yan, waɗanda ba su fi ƙura ba, sukan yi 'yan makwanni suna yawo a ruwa kafin su sauka ƙasa su tone, kuma mafi yawansu ba sa kai labari. Waɗanda suka tsira su ne sa'o'in wannan shekara, za a kuma iya bin su shekara bayan shekara ta hanyar tsawonsu. To, mutum ya shiga gari ya tarar da tsofaffi zalla, babu kukan jariri ko ɗaya, ai ba ya bukatar a gaya masa wani abu ya sami garin nan. Haka filin ƙumba yake. In manya ne kawai, haihuwa ta tsaya, ko ana haihuwar 'ya'yan ba sa rayuwa. In ƙanana ne kawai, hannu ya yi yawa, ana kwashe su kafin su isa haihuwa. In ɓawo ya girma nama ya ƙanƙance, abinci ya yi ƙaranci a ruwan. Ran da kuwa aka wayi gari aka gan su sun fito saman laka baki buɗe, babba da yaro, to iskar numfashi ce ta ƙare a ruwan, ko zafi ya wuce kima, ko an zubo wani abu.

A nan ne masu ilmi daga cikin masu suka za su tare mu. Za su ce yawan ƙumba abu ne mai hawa da sauka ko da ɗan Adam bai taɓa ruwan ba. Bana a sami dubu a inda bara aka sami goma, baɗi kuma a nema a rasa. Yaya za a dogara da ma'aunin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? Gaskiya suka faɗa, kuma gaskiyar tasu ita ce babbar hujjarmu. Manomin Katsina ba ya cewa duniya ta canja don damina ɗaya ta yi gardama. Abin da ya sa aka iya cewa farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun fita daban shi ne tun farkon ƙarni na 20 akwai waɗanda ke leƙa ma'aunin ruwan sama a Kano da Sakkwato da Maiduguri suna rubutawa, ba tare da kowa ya san sunayensu ba. Ƙidayar shekara ɗaya ba ta da amfani. Ta shekara uku, irin wadda ake yi don neman digiri, tana iya ɓatar da mutum ma. Sai ta yi shekara ashirin ko talatin sa'an nan take fara magana.

Ƙasar da ta fi nuna ribar wannan haƙuri ita ce Holan. A arewacinta akwai wani teku marar zurfi da ake kira Wadden, wanda ya miƙe kimanin kilomita 500 ya bi gaɓar Jamus har Denmak. In ruwa ya janye sai filin laka iyakar ganin mutum, kuma miliyoyin tsuntsaye masu ƙaura ke sauka a kansa kowace shekara su yi guzuri su ƙara gaba. Tun wajejen 1970 wani masani mai suna Jan Beukema, na cibiyar binciken teku da ke tsibirin Texel, ya zaɓi wurare 15 a wani fili da ake kira Balgzand, ya riƙa komawa ƙarshen hunturu da ƙarshen lokacin zafi yana tace laka yana ƙirgawa. Ya yi ta yi shekara da shekaru, abokan aikinsa suka ɗora.

Abin da littafin nan ya bayyana, mai kallo daga nesa ba zai taɓa zatonsa ba. Hunturu mai tsanani, irin wanda ƙanƙara ke rufe lakar, yakan kashe manyan ƙumba da yawa, amma a bayansa ne ake samun haihuwa mafi albarka. Dalili kuwa, ƙaguwa da jatan lande su ne manyan masu cin 'ya'yan ƙumba, sanyi kuma yakan jinkirta zuwansu, kafin su iso 'ya'yan sun yi girman da ya fi ƙarfin bakinsu. In hunturu ya zo da sauƙi, sai maƙiyan su riga sauka, su cinye sa'o'in shekarar kusan baki ɗaya. Ashe ke nan arzikin filin duka ya dogara ne a kan 'yan shekarun albarka da kan zo jefi-jefi, sauran shekarun ajiyarsu ake ci.

Daga 1988 zuwa 1990 aka jera hunturu uku masu sauƙi, haihuwa ta gaza sau uku a jere. A daidai wannan lokaci kuma jiragen ruwa masu injin tsotso suna bisa aikinsu. Injin nan yakan fesa ruwa da ƙarfi ya tayar da lakar, ya zuƙe abin da ke ciki, ya riƙe manyan ƙumba, ya watsar da sauran. Masu jiragen ba su rage ɗiba ba don haihuwa ta tsaya. Kasuwa ba ta san hunturu ba. Kafin 1990 ta ƙare ƙumba ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma wata 'yar'uwarta baƙa, mai manne wa juna a saman laka, an kusa share ta daga filayen ɓangaren Holan. Sai tsuntsaye suka soma faɗuwa. A 1993 gwamnati ta rufe wani sashe na tekun, ta ce a riƙa bar wa tsuntsaye kasonsu a shekarun ƙaranci, amma hakan bai wadatar ba: a hunturun 1999 zuwa 2000 agwagin teku kimanin 21,000 suka mutu, da aka duba gawarwakinsu aka tarar sun rame ƙwarai.

Masu jiragen suka ce yanayi ne, ba su ba ne. Da babu littafi, da gardamar ta tsaya a nan, kowa da bakinsa. Amma akwai littafi, akwai kuma masana irin su Theunis Piersma da Jan van Gils da suka gwada wuraren da aka tsotse da waɗanda ba a taɓa ba. Suka nuna cewa inda injin ya bi, laka mai laushi takan tafi ta bar yashi mai kaushi, 'ya'yan ƙumba su yi shekaru ba su zauna a wurin sosai ba, waɗanda suka zauna kuma namansu ya kasa cika ɓawo. Akwai wani ɗan tsuntsun bakin ruwa, kamar girman kurciya, wanda masana ke kira Calidris canutus. Shi yakan haɗiye ƙumba ne da ɓawonta, ƙundunsa ya niƙe. Da nama ya ragu, sai ya zama tilas ya haɗiyi ɓawo mai yawa kafin ya ƙoshi, waɗanda ƙundunsu bai iya ɗauka ba suka bar wurin ko suka hallaka. Ran 7 ga Satumba 2004 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin da har yau ake kafa hujja da shi, cewa ba a ba da izinin irin wannan ɗiba a wurin da doka ta kare sai in babu sauran shakka ta ilmi cewa ba za ta ɓata wurin ba. Watau nauyin kawo shaida ya tashi daga kan mai kuka ya koma kan mai injin. Daga 1 ga Janairu 2005 aka haramta tsotson ƙumba a ɓangaren Holan, aka bar masu ɗiba da hannu da manjagara bisa lasisi.

Kada mu mai da Turawan nan waliyyai. Gwamnatin da ta kori jiragen ta biya masu su diyya, kuma cikin shawara ɗaya ta buɗe ƙofar haƙo iskar gas daga ƙarƙashin tekun. Ciniki aka yi. Abin lura dai shi ne, ran da aka zauna cinikin, ƙumba tana da lambobin da suka tsaya mata. Littafin kuma bai rufe ba: da zafin 2018 ya kashe ƙumba masu ɗimbin yawa a gaɓar Holan, ba a yi ta neman wanda za a zarga ba, domin an san yadda filin yake kafin zafin.

Ɗan tsuntsun can da muka ambata yana da wani reshe da ke haihuwa a arewacin Saibiriya, ya ya da zango a Wadden, ya zo ya yi hunturu a nan Afirka ta Yamma, a gaɓar Banc d'Arguin ta Muritaniya. A 2016 van Gils da abokan aikinsa suka buga binciken da ya nuna cewa da ƙanƙarar Saibiriya ta riƙa narkewa da wuri, 'ya'yan tsuntsun suna tasowa da ƙaramin jiki da gajeren baki. In sun iso Muritaniya bakin ba ya kai wa ga ƙumbar da ke binne da zurfi, sai su koma cin saiwar ciyawar ruwa, da yawansu kuma ba sa ganin shekara ta biyu. A Amurka ma, wani lungun teku a kudancin tsibirin Long Island, wanda a shekarun 1970 yake ba da fiye da rabin wani nau'in ƙumba da ake ci a ƙasar, an kwashe shi har ya tsiyace bayan 1976. Masu tace ruwan suka ƙare, daga 1985 kuma wata gansakuka mai launin ƙasa ta riƙa turnuƙe shi.

Mu dawo gida. A Gana, a ƙasan Kogin Volta, akwai wata ƙumba da mata suka daɗe suna nutso suna ɗebowa, har sukan kwashi ƙanana su kai wani sashe na kogin su zuba su yi ƙiba, kamar yadda ake turke rago. Wani kiyasi na 1963 ya sa abin da ake samu kimanin tan 8,000 a shekara. A 1965 aka gama madatsar Akosombo, a 1982 ta Kpong ta biyo. Ambaliyar shekara-shekara da ke wanke yashin kogin ta tsaya, ciyawar ruwa ta mamaye, tsargiya ta ƙaru a ƙauyuka, ƙumbar kuma ta janye daga dogon zangon da take da shi a da, ta taƙaita a ɗan yanki kusa da Ada, bakin teku. Ba muna cewa da ba a gina Akosombo ba. Wutar da ta bai wa Gana ba abin rainawa ba ce. Muna cewa ne da aka zo lissafin riba da hasara, sana'ar matan nan ba ta cikin takardar, asarar kuwa su suka ɗauka. Irin wannan ƙumbar tana nan a Kogin Kuros Riba, mutanen yankin suna ci suna sayarwa.

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 853, kuma kurmin ruwan gishirin da ke Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. A cikin lakarsa akwai kawa mai manne wa saiwoyi, da ƙananan katantanwar da ake zuba wa miya, da wata ƙumba mai kaurin ɓawo mai jan jini, wadda ake samu tun daga Muritaniya har Angola. A Senegal, a bakin Kogin Salum, tsibin ɓawonta da mutanen da suka tara cikin ɗaruruwan shekaru ya zama tuddai har da tsibirai. Ɗibar waɗannan abubuwa galibi aikin mata ne da yara, da ƙafa ko da ɗan kwalekwale, sa'ad da ruwa ya janye. Ba ya bukatar jari, shi ya sa ya zama madogarar gwauruwa da marar gata. Kuma saboda abin da suka ɗebo ba ya bi ta tashar jiragen kamun kifi, daga kwando sai tukunya ko kasuwar ƙauye, da wuya ya shiga lissafin hukuma. A cikin wannan laka ɗin ce aka shimfiɗa bututan mai tun bayan da aka same shi a Oloibiri a 1956.

A ƙarshen 2008 bututun kamfanin Shell ya fashe sau biyu a rafin Bodo, cikin ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas, na biyun har ya shiga farkon 2009 yana malala. Takardar binciken farko ta ce ganga 1,640 ce ta zuba a fashewar farko. Ƙungiyar Amnesty International, bisa kiyasin wani kamfanin ƙwararru na Amurka, ta ce ta haura ganga 100,000. Sai da magana ta je kotun Landan kamfanin ya yarda cewa lambobinsa sun gaza, kuma a Janairun 2015 aka daidaita a kan fam miliyan 55 ga mutane kimanin 15,600 da al'ummar garin. A duba tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu. Inda babu ma'auni mai zaman kansa, mai ƙarfi ne ke rubuta lamba, talaka kuma sai ya yi shekara shida yana jiran alƙalin wata ƙasa.

Wani abu ya faru a Bodo wanda ba a cika ambata ba. Daga 2006 zuwa 2008, kafin fashewar, wani masani na Jami'ar Fatakwal, Nenibarini Zabbey, ya riƙa ɗibar lakar rafin yana rubuta halittun da ke cikinta. Da ya koma bayan malalar, yawancin nau'o'in da ya rubuta da farko babu su, har da wata 'yar ƙumba da a da take da yawa a wurin. Saboda haka a Bodo ana iya faɗar abin da aka rasa da lamba. Amma wannan katari aka yi: mutum ɗaya ya zaɓi rafi ɗaya don bincikensa, sai ƙaddara ta faɗa wa rafin. Sauran ɗaruruwan rafukan fa? Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a Agustan 2011, ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A Yunin 2016 aka yi bikin ƙaddamar da aikin a Bodo ɗin. To, ran da ɗan kwangila ya zo ya ce ya gama sharewa a biya shi, da me za a gwada maganarsa? Laka tana iya yin kyau a ido alhali mai yana kwance a ƙarƙashi. Shaidar da ba ta karɓar toshiya ita ce 'ya'yan ƙumba su sauka a wurin, su rayu, su yi shekara uku ko huɗu suna ƙara zobe, namansu kuma ya zama wanda uwa za ta iya ba ɗanta.

Wani zai ce mu da muke Zariya ko Kano ko Sakkwato, tafiyar yini guda ko fiye daga teku, ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa a can yake, a zahirin ma'anar kalmar. Gulbin Sakkwato da Kogin Kaduna cikin Kwara suke zuba, Gongola cikin Binuwai, su haɗu a Lakwaja su gangara Delta ɗauke da abin da muka zuba musu na takin zamani da maganin feshi da dattin masana'antu. Mutanen Kano ne kawai za su iya cewa nasu Calawa da Haɗeja gabas suka nufa, wajen Tafkin Chadi, wannan kuma wata shari'ar ce. Madatsun Kainji ta 1968 da Jebba da Shiroro, waɗanda ke ba mu wuta, suna tare yashi da lakar da a da ke gangarawa su ciyar da bakin teku. Bugu da ƙari, kason da ake rabawa jihohi kowane wata, wanda daga cikinsa ake biyan albashi da tallafin karatu, wani rabo nasa mai kauri daga ƙarƙashin lakar nan ya fito. Wanda ya sha romo bai kamata ya ce bai san inda aka yanka ba. Daga cikinmu ne kuma za a ɗauki waɗanda za su zauna a Ma'aikatar Muhalli, da ofishin kasafin kuɗi, da hukumar sa ido kan malalar mai da aka kafa a 2006. Takardar da za ta rayar da wannan aiki ko ta kashe shi, a kan teburin ɗayanmu za ta kwana.

Kayan aikin ba su da tsada: bututun haƙa laka, rariya mai ido milimita ɗaya, ma'aunin tsawo, sikeli, kwalekwale, da littafi. Muna da Cibiyar Binciken Teku ta Tarayya a Legas tun 1975, muna da jami'o'i a Fatakwal da Kalaba da Uyo da Legas, muna da masu yi wa ƙasa hidima da ake turawa jihohin gaɓar teku kowace shekara, waɗansunsu da digirin ilmin halittu, a ajiye su a ofis suna ɗaukar fayil. Abin da ke da tsada shi ne ɗorewa. Tsarin aikin hukuma a ƙasarmu ya fi son abin da ake aza harsashinsa a kira makaɗa, a manna allo da sunan mai girma. Ƙidayar ƙumba ba ta da ranar buɗewa, ba ta da ranar gamawa, kuma wanda ya sa hannu a kuɗinta bana ba shi ne zai ga amfaninta ba. Don haka muke cewa kada a yi ta a matsayin shiri na shekara uku da kuɗin masu ba da agaji, wanda in sun tafi ya bi su. A sa ta cikin kuɗin gudanarwa na kullum, kamar albashin masinja, a kuma wajabta buga lambobin kowace shekara inda kowa zai gani, don kada su mutu cikin durowar jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki.

Sa'an nan a sa matan da ke ɗibar cikin aikin, a biya su. Sun san inda ƙumba ke taruwa, da watan da take ƙiba, da shekarar da ta soma ƙanƙancewa, sanin da ɗalibi zai yi shekaru bai tara ba. A Gambiya mata masu ɗibar kawa da ƙumba sun kafa ƙungiya mai suna TRY a 2007, kuma a 2012 gwamnati ta ba su, su kaɗai, ikon ɗiba a fadamar Tanbi kusa da Banjul. Su da kansu suka yarda a rufe ɗibar kawa wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni. Babu ɗan sandan da zai iya tilasta wa mace mai 'ya'ya biyar ta bar abincinta wata takwas. Ta yarda ne don ta tabbata abin da ta bari ya girma ba baƙo ne zai zo ya kwashe ba. Wanda duk ya zo da dokar hana ɗiba daga Abuja ba tare da irin wannan tabbaci ba, yunwa ya kawo, kuma za a karya dokar tun daren farko.

In za a soma, ba sai an jira wurare ɗari ba. A ɗauki goma sha biyar, kamar yadda aka yi a Balgzand: waɗansu a lungun tekun Legas inda dattin birni ke zuba, waɗansu a bakin Kogin Kuros Riba, waɗansu a rafukan Bayelsa da Ribas, a haɗa da waɗanda mai ya taɓa da waɗanda bai taɓa ba, don a sami abin gwadawa. Na farko a jerin ya zama rafin Bodo, domin shi ne ke da lambobin 2006 da za a ajiye na bana kusa da su.